Na karanta zanen Rakiya daga dama

Jama'a, yau saura kaɗan in kayar da jikata a jarabawa!

Jikar tawa Rakiya ce ta sa na taso daga Djougou zuwa jami'arsu a Parakou. Suna koyon mayar da alƙaluma zane a ordinateur, wato kwamfuta. Malamarsu ta ce kowa ya kawo wanda bai taɓa ganin aikinsa ba. In baƙo ya fahimta ba tare da bayani ba, an ci. In ya kasa, sai maimaita darasin baɗi. Na ga jarabawa a Kumasi da Alƙahira, ban taɓa ganin irin wannan ba.

Aka haska zanenta a bango: layi ne mai nuna yawan shanun da ke shigowa kasuwa, wata bayan wata.

Malama ta ce, "Alhaji, me ka gani?"

Na ce, "Shanu suna raguwa."

Rakiya ta dafe kai. "Tsoho, ka kashe ni! Ƙaruwa suke!"

Ashe daga dama na faro, yadda muka saba a karatun allo.

Malama ta ce, "Mademoiselle, don wa kika yi zanen?"

"Don 'yan kasuwar shanu, Madame."

"To, ga ɗayansu. Gyara."

Rakiya ta taɓa madannai. Wallahi sai layin ya ɓace, ya fara tsirowa da kansa daga hagu, yana hawa a gaban idona! Ya kai wani wuri ya yi tsalle.

Na miƙe tsaye. "Subhanallahi! Wannan ai gabanin Tabaski ne, Babbar Sallah!"

Malama ta ɗauki biro tana dariya. "Validé, kin ci. Na gaba!"