Maƙwabcin Gadona a Hor Al Anz

Shekara ashirin da bakwai na yi a sojan ruwa ina aikin jinya. Ban yi karatun likita ba, amma a cikin jirgi, inda asibitin duka ɗan ɗaki ne mai gado biyu da akwatin magani, kowa Likita yake kirana. Na ɗinke rauni, na ɗaure karaya, na sa wa masu zazzaɓi ruwa jirgi yana tangaɗi da mu. Idan na ce wane ba zai hau aiki yau ba, magana ta ƙare, ko hafsa ne sai ya kwanta.

Da na yi ritaya zaman gida ya gundure ni, sai na samu aiki a Dubai, a ɗakin agajin gaggawa na wani kamfanin ajiyar kaya a Jebel Ali. Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Hor Al Anz. Gadon da ke kusa da nawa na wani mai gyaran lantarki ne, Kirista daga kudancin Kaduna, sa'ana. Mu biyu ne kaɗai masu furfura a gidan. Shi yake tashina sallar asuba in na makara, ni kuma nake goge masa rigar zuwa coci, don ya ce babu mai guga kamar soja.

Wata safiya na gan shi a bakin gado ya dafe ƙeya. Na ɗauko abin awon jini na auna shi, na sauya hannu na sake aunawa.

Na ce, "Injiniya, jininka ya hau sosai. Yau asibiti za ka, ba wurin aiki ba."

Ya ce, "Shwaiya shwaiya, a hankali dai, Likita. Saura wata uku a sabunta mini biza. In ogana ya ji ina da ciwo, khalas, shi ke nan, sai gida. Ga 'yata tana shekarar ƙarshe a makaranta."

Da ƙyar na ja shi wani ƙaramin asibiti a Abu Hail, aka rubuta masa magani. Ya sha na sati biyu ya ajiye, wai yana sa shi jiri in ya hau tsani. Na ce mu koma a canza masa, ya ce sai biza ta fito. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ranar da na ce zan sanar da ogansa, sai ya kalle ni ya ce, "Ashe haka kuke yi da sirrin mara lafiya a jirginku?" Ban sanar da ogan ba. A jirgi da tuni na kwantar da shi, ko yana so ko ba ya so. A nan ni ba kowa ba ne, maƙwabcin gado ne kawai.

Wata Lahadi da rana ya dawo daga coci ya dafa mana faten acca. Muna cikin ci cokali ya kuɓuce masa. Ya juyo zai yi mini magana, na ga bakinsa ya karkace. Na kwantar da shi ta gefe, na sa a kira motar asibiti. Kafin ta iso numfashinsa ya ɗauke, na hau danna masa ƙirji ina ƙirgawa, yadda na koya wa ƙananan sojoji shekara da shekaru. Numfashin ya dawo. Masu motar har suka yaba mini. Kwana biyu ya yi a asibiti bai buɗe ido ba, a na uku ya cika.

Mutanen cocinsu suka ce ni zan kira matarsa, tunda ni na fi kusa da shi. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi kuka ba tukuna.

Ta ce, "Baba Likita, kullum sai ya ce mini in kwantar da hankalina, wai yana tare da likitan soja mai duba shi kowace safiya."

Na ce, "Haka ne, Maman yara."

"Ya sha wahala?"

Na ce a'a. Wannan kam gaskiya ce, ina jin bai san abin da ya same shi ba. Sauran maganar, ta maganin da ya ajiye da shirun da na yi, ban faɗa mata ba, kuma har yau ban san ko ya kamata in faɗa ba.

'Yan coci suka yi hidimar mayar da gawarsa gida. Ni na haɗa kayansa: akwati ɗaya, da jakar kayan aiki, da wani takalmin mata sabo fil a leda. Cikin sati aka kawo wani mutum gadon, mutumin kirki ne, bai yi mini komai ba. Amma wata na ƙarewa na nemi wani ɗaki na tashi.