Jeren da Iya Ta Koma da Shi

A gidanmu na Saji, murhun Iya Abu ne na ƙarshen mutuwa. Da an idar da sallar isha'i an kwashe kwanukan tuwo, sai ta tura guntayen karan dawa a wuta, ta zauna a ƙofar ɗakinta da jiƙaƙƙiyar kaba a ƙwarya, da basilla, da faifan da take ɗinki. Kakata ce ta wajen uba, 'yar Fassi ce aure ya kawo ta. Sunanta aka sa mini, Zainabu, don haka mutanen gida ke ce mini Uwani. Ita kaɗai take ce mini takwara, kuma duk cikin jikokinta ni kaɗai ke da izinin zama a kan bakin zanenta. Ina ji da wannan suna fiye da yadda nake ji da ɗankunnen salla.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Baƙuwa ta yi sallama." Mu kuma mu haɗa baki, "A shimfiɗa mata tabarma." Hannunta ba ya tsayawa, ido a kan kaba, baki a kan labari, idan wani ya fara gyangyaɗi ta ɗan taɓa masa ƙafa da gindin basilla. Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini a hanya. Guda ɗaya ce ta ƙi fita daga kaina, ita ce kuma na fi so in manta.

Wai wata tsutsa ce a gonar wake, ita da uwarta, ɗakinsu ganye ɗaya naɗaɗɗe. Ruwa ya zo ya jiƙa su, rana ta fito ta gasa su. Kullum zanzaro na wucewa ta kansu da siririn ƙugunsa, har ranar da ya sauka ya ce wa 'yar yana da ɗakin laka a kusurwar ɗakin wani attajiri, sumul, ba yoyo, in tana so ya kai ta. Uwar ta ce, "Ɗakin da mai shi yake liƙe ƙofa ta waje, ki fara tambayar wanda ya taɓa fitowa." 'Yar ba ta ji ba. Zanzaro ya sure ta ya kai, ya liƙe. Bayan kwana bakwai ta fasa laka ta fito da fukafukai da ƙugu kamar zare, ta zama zanzaro sak.

Ita kuwa uwar hankalinta bai kwanta ba, tana tunanin 'yarta na kwana a kan laka ba shimfiɗa. Ta gutsuri ganyen wake mai taushi ta kama hanya da jan ciki, ta tsallake kunyoyin gona, ta kuɓuce wa kaji, ta hau bango. Ta tarar da 'yar cikin ƙawayenta. Suka ce, "Wace ce wannan mai tafiya da ciki?" 'Yar ta dubi uwar, ta dubi ƙawayen, ta juya ta harbe ta. Uwar ta faɗo ƙasa, ta lallaɓa ta koma gonar wake. Nan Iya ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, kowa ya nemi makwanci."

Na tuna na tashi tsaye don haushi. "Iya, ni da ni ce, goya ta zan yi in kai ta har ciki."

Ta yi dariya har basilla ta faɗi. "Zanzaro ba shi da ƙugun goyo, takwara."

A lokacin na ɗauka darasin bai wuce kada yaro ya bi baƙo ba.

Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Na samu kwalejin horar da malamai a birni ana tsakiyar ɗokin Shari'a, kuma wannan ne ma ya sa babana ya yarda, don an ce masa ɗakunan kwanan mata akwai katanga da mai gadi da doka. Mu takwas ne a ɗaki, gadaje masu hawa biyu. Kowace da ɗan gefen da aka ba ta, iyakar gadonta da bangon da ke jikinsa, shi ake kira kwana. A nan ake gane 'yar wane da 'yar wane. 'Yan birni suka shimfiɗa leda da kafet, suka manna takarda mai ƙyalli a bango, suka rataya labule da madubi da furen roba. Nafisa, wadda gadonta ke kallon nawa, tana da wani firam mai fuska biyu: gaba addu'ar shiga ɗaki, baya jarumin fim ɗin Indiya. In an ji takun masu duba ɗakuna, sai addu'a ta fuskanci jama'a.

Ni kuwa akwatin ƙarfe ne da bokiti da risho, sai zanen gado ɗaya. A satin farko Nafisa ta leƙo ta ce, "Zi, kwanarki sai ka ce ɗakin mai takaba." Aka yi dariya, ni ma na yi, daga baya na shiga banɗaki na yi kukana. Ba muguwa ba ce, bakinta ne ba linzami. Amma daga ranar na fara gyara kaina. Na karɓi sunan Zi hannu biyu. Na roƙi ragowar takardar bango na manna, duk da ba ta kai ƙasa ba sai da na jingina akwati ya rufe giɓin. Na daina cewa Saji, na koma cewa cikin garin Rano. Na daina jiƙa ƙanzo a gaban mutane.

Da na je hutun farko, Iya ta sa ni gaba da tambaya. Na ce mata an ba ni kwana mai kyau kusa da taga.

"Kwana? Ba a ɗaura aure ba har an fara rabon kwana? Ke da wa?"

Na yi dariya na bayyana mata. Ta ci gaba da jan kaba, can ta ce, "To wa ya yi miki jere?"

"Iya, makaranta ce fa. Ba a jere."

"Ɗiya mace ta shiga ɗaki, ta kwana ta tashi, ba wanda ya je ya jera mata ko faifai? Ai sai a ce ba ki da dangi."

A wajen Iya, duk ɗakin da mace za ta zauna, tsofaffin gidansu ne ke zuwa su kafa ƙusa su jera mata kaya, don duk wanda ya shigo ya san akwai mutane a bayanta. Na ɗauka zancen tsufa ne. Na koma makaranta na manta.

Wata Asabar bayan la'asar, muna ɗaki kusan dukanmu, ana kitso ana jin rediyo, sai muka ji guɗa a bakin ƙofa. Guɗa sosai, irin ta kai amarya. Kafin in ɗago na gane muryar. Iya ce, da baƙin zanenta na saƙi da takalmin roba, da ƙunshi a ka wanda ya fi ta faɗi. Matar da ba ta taɓa wuce kasuwar Rano ba, ta hau mota biyu ita kaɗai, ta yi ta tambaya har mai kula da ɗakunanmu ta duba sunana ta nuna mata ƙofa.

Ta sauke ƙunshin a tsakar ɗaki ta kwance. Faya-fayai ne sababbi, rinin ja da kore da ɗorawa, ɗinki ƙanana irin wanda ke cin ido. Da ƙwarya mai zane, da tasoshi biyu na jeren aurenta da ta goge suna sheƙi. Har ƙusoshi ta zo da su, a ƙulle a bakin mayafi. Ɗakin ya fashe da dariya, wata har da faɗuwa kan katifa. Iya ta ɗauka murna ce, ita ma tana dariya, tana waige-waige tana nemana. Ta gan ni, fuskarta ta washe, ta buɗe baki.

Nafisa ta riga ta. "Zi, baƙuwarki ce?"

Na ji bakina ya ce, "Wata tsohuwa ce ta wajen garinmu. Tallan faifai take yi."

Ba wanda ya matsa mini. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Magana kuwa zarar bunu ce.

Iya ta rufe bakinta a hankali. Ta dube ni, ta dubi bangon da ke bayana da takardarsa mai ƙyalli, ta daɗe tana kallo. Nafisa ta durƙusa ta ɗauki faifai ɗaya tana juyawa a haske. "Amma fa suna da kyau. Wannan in aka rataya a bango ai ya fi furen roba. Baba, nawa-nawa ne?"

Wannan ita ce ta fi ƙona mini rai har gobe. Ashe da na yi shiru ma, da sun yaba.

Iya ta miƙa hannu ta karɓi faifan. "Da mai su, 'yata. Ɓatan ɗaki na yi."

Ta ɗaure kayanta ƙulli biyu, ta yi mana sallama ta fita. Na zauna ina jin ana kwaikwayon guɗarta. Sai da na ƙirga cewa ta yi nisa na ce zan je ɗebo ruwa. Na same ta a bakin ƙofar makaranta ta sauke ƙunshin tana gyara gammo. Na kai hannu zan ɗora mata, ta dubi matar da ke gadi ta ce, "Taya ni, baiwar Allah." Da kayan suka hau kanta, ta ce da ni ba tare da ta juyo ba, "Koma ciki, Malama, kada a gan ki."

Ba ta gaya wa kowa ba. A gida ta ce ta tarar an hana kafa ƙusa a bangon gwamnati, babana har yana yi mata tsiya cewa ta sha wahalar banza. Faya-fayan suka shiga aikin gida ɗaya bayan ɗaya, wannan a kan ƙwaryar fura, wancan wajen bakace, har rininsu ya koɗe. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ban kuma taɓa ganin ta ɗaure fuska ba. Abin da ta yi ya fi duka zafi: ta girmama ni. In na zo hutu sai ta sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma nesa da zanenta, ta tambaye ni hanya da karatu. In na matso wajen murhu tana yi wa ƙannena tatsuniya, sai ta ce, "Ku bari sai gobe, kada mu yi ƙarya a gaban masu ilimi." Mutanen gida suna jin daɗi, wai Iya ta san darajar boko.

Kimiyya na karanta, ita nake koyarwa yanzu a Kibiya. A aji na zo na san gaskiyar ɗakin zanzaro. Tsutsa ba ta rikiɗa ta zama komai. Harbinta zanzaro yake yi ta sandare da ranta, ya ajiye ta, ya yi ƙwai a kanta ya liƙe. Ɗansa ne ke ƙyanƙyashewa ya yi ta cin ta a hankali har ya yi fukafukai. Na daɗe ina ɗaukar kaina tsutsar da ɗaki ya canja, ina ɗora laifin a kan birni da Nafisa da takardar bango, don hakan ya fi sauƙin haɗiya. Amma ɗaki ba ya canja kowa. Wani ne ake ci a ciki, kuma na san idon wa ya ƙare a kan kaba kafin ni in tashi sama. Duk shekarar da na zo wannan darasi sauri nake yi in wuce shi, ɗalibaina sun ɗauka ƙwari nake ƙyama.

Sai da ganinta ya tafi gaba ɗaya na iya tattara ƙarfin hali. Na same ta da hantsi a ƙofar ɗaki tana jan carbi, na zauna a ƙasa, na kama ƙafarta.

"Iya, ranar nan da kika zo makarantarmu..."

"Wace makaranta, Malama? Ni ai ban taɓa wuce Rano ba."

"Iya, don Allah ki yafe mini."

Ta lalubo hannuna ta ɗan bubbuga, ta mayar mini da shi kan cinyata. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Haka ake ce wa kowa, har wanda ya taka ka a kasuwa. Na zauna ina jiran kalma ɗaya tak, har rana ta iso inda muke ta ce a shigar da ita ciki. Ta ƙara shekara uku a duniya, kuma duk ukun Malama ce ni.