Tokar Bana Kangwa

A ƙauyen Chibwa da ke bakin gandun dajin gwamnati, babu macen da ta kai Bana Kangwa iya jera rassa. Sunanta na baftisma Estere, amma tun da ta haifi Kangwa ba a ƙara kiranta da shi ba sai a coci, kowa Bana Kangwa yake ce mata, wato uwar Kangwa. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, gashin tsakar kanta duk ya zube saboda dakon itace.

A ƙasar Bemba toka ce ke noma tamba. Da rani maza su hau bishiya su sassare rassa, mata su jawo su tara a da'ira, tsayin ya kai ƙirji. Sai hadari ya fara haɗuwa sarki zai cinna wa tarinsa wuta, kowa ya bi a rana ɗaya. Ruwan farko ya danne tokar, a watsa iri. Haka ake yi tun limaman mishan na yawo a keke, sai dai a lokacin ƙauyuka kaɗan ne, hayaƙin ba ya daɗewa. Yanzu kuwa yakan kwanta a kwarin gandun mako da makonni, dutsen da ke tsakiya ya ɓace wa ido, jarirai su yi ta tari.

Shekarar da mijinta ya rasu aka kawo sabon tsari. Gwamnati ta raba wa ƙauyuka ranakun ƙuna don kada hayaƙi ya taru, sarki kuma ya amince. Da yake Chibwa ta fi kusa da gandun, ita aka sa a farko, tun ruwa na nesa, lokacin da iskar gabas ke kan ganiyarta. Dagaci ya ce wanda ya saɓa za a karɓe gonarsa. Bana Kangwa ba ta da wata gonar, rumbunta kuma ya kusa ƙasa. Idan iska ta kwashe tokar, babu tuwo a gidanta baɗi.

Wani mutumin ƙauyen, Bashi Lombe, wato baban Lombe, ya same ta tana gyara tarin. Shi ɗan dangin Naman-kaza ne, ita 'yar dangin Ruwa, tsakaninsu akwai wasa, su ne ma ke binne wa juna gawa.

"Ke 'yar Ruwa, aika wa danginki su sauko da wuri mana. Ko sun yi fushi da rowarki ne?"

"In sun sauko ai ku za ku fara leƙo kai daga juji," in ji ta, ba ta ko juyo ba.

Sai ya rage murya ya ba ta shawara: ranar ƙuna ta tara busasshen ganye a gefe ta cinna, ma'aikatan gandu su hango hayaƙi su koma, ainihin tarin kuma ya jira hadari. Ya ce rabin gari haka za su yi. Ta ce masa tarinta a bakin hanya yake, makaho ma zai yi tuntuɓe da shi, kuma ta tsufa da zaman kasa kunne tana jiran ƙarar mota.

Ranar da aka yanke, bayan wutar sarki ta tashi, ta cinna tata. Tarin ya ci sarai, ya bar toka fara fat mai kauri. Kashegari da hantsi iska ta taso. Tana tsaye a gefe tana kallon abincinta na tashi sama yana bin bishiyoyi.

Gadon toka ba a taka shi, ba a kai masa fartanya sai ranar shuka. Tsofaffi sun ce yin haka na kashe zafin gona. Ta san wannan tun tana goye. Duk da haka ta koma gida ta ɗauko kwando da fartanya, ta nufi surin da ke gefen gonar. Ta fasa, ta marmashe, ta shiga cikin tokar tana yayyafa ƙasar sama-sama, daga gabas inda iska ke shigowa. Ƙarƙashin tokar akwai sauran garwashi. Tafin ƙafarta ya yi bororo, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba.

Matan coci suka zo suka tsaya daga nesa, suka ce zawarci ya taɓa mata kai. Yayar mijinta ta daina amsa gaisuwarta, wai tana tattake abincin gidan ƙaninta. Surukinta da ya sare mata rassan ya aiko a roƙe ta ta bari. Ta ce a gaishe shi.

Bashi Lombe ya biyo ta wurin da gatari a kafaɗa.

"Kabari kike yi wa tambar tun ba a shuka ba?"

"Naka nake gwadawa, in ga ko ƙasar za ta ishe ka."

Ya yi dariya, ya tsaya jim yana duban ƙafafunta, ya sare mata suri ɗaya, ya tafi.

Ba ta gama ba. Kafin ta kai yammacin gonar iska ta riga ta, ta share wurin har jar ƙasa ta fito. Da ruwa ya sauka ta watsa iri ko'ina. Inda ta rufe, tamba ta fito cunkus kamar gashin yaro. Yamma kuwa tsilli-tsilli.

Bashi Lombe ya ƙona nasa a makare, ba a kama shi ba, ya cika rumbu taf. An kama wasu biyu, gonakinsu yanzu ciyawa ce. Rumbun Bana Kangwa ya wuce rabi kaɗan. Ta duba, ta ce in an haɗa da rogo zai kai ta kaka, gonar kuma tata ce.

Da rani ya dawo dagaci ya tara mutane ya sanar cewa bana ma Chibwa ce farko. Aka yi ta guna-guni. Ita ranar kawai ta tambaya. Tun ba a wasa gatari ba ta fara jibge ƙasar suri a gefen sabuwar saura, wannan karon har da ta yamma.