Ranar da Na Ƙirga Benaye

Ina aji biyu na babbar sakandare malaminmu na jogarafi ya raba mana unguwannin Funtua, ya ce kowa ya zano taswirar tasa. Ni ta bakin gari ce ta faɗo mini, can inda gidaje ke ƙarewa gonakin masara su fara. Ya gargaɗe mu mu fara gaida mai unguwa. Kunya ta hana ni. Na ɗauka zan gama aikina ban yi wa kowa magana ba.

Da hantsi na fara. Gidan ƙasa in sa masa ɗigo, na bulo in zagaye shi, bene kuwa in shafa masa jan biro. Na zana injin niƙa da sito-siton hatsi, da duk lungun da ke ɓullewa daji, har takunsa na ƙirga.

Ina tsaye gaban wani bene aka damƙi wuyan rigata ta baya. Ɗan sintiri ne, da gora a hannu.

"Kai, wa ya aiko ka?"

Ya fizge littafin da nake zanen a ciki. Kafin in haɗiye yawu an kewaye mu. Wani ya leƙa ya ce, "Jama'a, gidan Alhaji ya sa wa ja! Ga hanyar daji ma ya zana musu!"

Sai lokacin na tuna cewa da damina 'yan bindiga sun ɗauke wani mutum a unguwar, kuma kowa ya yarda nuna musu gidansa aka yi. Na ji ana cewa "infoma ne." Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Da ja aka kai ni zauren mai unguwa. Dattijon ya daɗe yana juya shafukan, mutane maƙil a ƙofa.

"Ɗana, ɗan gidan wa ne kai?"

Da ƙyar na faɗi sunan babana, na ce tela ne a bakin tasha. Aka buga masa waya. Ya iso a kan mashin ko hula babu, ya durƙusa yana cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi karatu ne kawai."

Mai unguwa ya yage shafi uku, ya cusa a aljihu, ya miƙo mini saura. "A sake shi," in ji shi.

A bayan mashin na ƙanƙame babana. Sai na ji shi ma jikinsa rawa yake yi.