Allurar Malamin Zandam

A shekarun da na yi ina aikin nas a Birnin Kudu, ban taɓa yin musun da ya kai wanda na yi da ɗan wani malami daga Zandam ba. Sun kawo tsohon da cutar daji ta riga ta kama ƙashi. Likita ya gaya musu gaskiya, cewa ba sauran magani sai na rage zafi. Babban ɗansa, shi ma malami ne mai makaranta, ya ce ko wannan ba za a ba shi ba. An gaya masa allurar rage zafin tana sa barci, shi kuwa tsoronsa kada mahaifinsa ya cika bai yi kalmar shahada ba.

Ni ba ni da dogon haƙuri, abokan aikina sun sani. Amma ranar na haɗiye fushina, don na ga ƙauna ce ta sa shi taurin kai. Na ja shi bakin gadon, muka tsaya. Tsohon sai nishi yake, yana damƙar zanen gado, ko sunan ɗansa ya kasa kira.

Na ce, "Malam, saurara da kyau. A haka wace kalma zai iya faɗa?"

Ya dubi mahaifinsa, sannan ya ɗaga kai alamar ya yarda. Muka shirya da likita a fara da kaɗan, ina lura da numfashinsa. Tsohon kuwa ya yi barci tun hantsi har azahar ta wuce. Hararar da na sha a wannan tsakanin ta ishi mutum shekara. Ina ta shige da fice kamar ban gani ba, alhali ina tsoron kada ya cika cikin barcin.

Bayan la'asar ɗan ya zauna yana karanta masa Yasin da ka. Ya yi nisa sai kuka ya ci ƙarfinsa, ayar ta ɓace masa. Daga kan filo muka ji murya ƙasa-ƙasa ta ɗora masa daidai inda ya tsaya, ido ma bai buɗe ba.

Kwana uku ya ƙara, yana sallarsa a kwance, ya yi wa kowa sallama. Ya cika da hantsi, shahada a bakinsa, ina riƙe da audugar da nake jiƙa masa leɓe. Ina alfahari da wannan aikin, ba na ɓoyewa.

Bayan wata biyu wata tsohuwa ta zo daga Zandam a bayan babur, tana fama da irin ciwon. Ta ce malaminsu, ɗan marigayin, shi ne ya ce ta nemi nas ɗin nan mai faɗa.