Ranar da Jirgi Ya Ƙi Sakin Ƙafa a Kankiya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ranar da na sauka daga sama a jirgin da ya ƙi sakin ƙafafunsa tana nan daram, kuma na san da ita za a kai ni kushewa.

Zamanin Turawa ne, gab da samun mulkin kai, ina ƙaramin malamin gona na En'e a Kankiya. A shekarar damina ta yi kyau, sai tsuntsayen jan-baki suka sauko wa hatsi tun daga Fakuwa har Boko. Aka kawo wani ɗan ƙaramin jirgi Katsina don a duba makwancinsu daga sama, aka ce ni zan bi Baturen da ke tuƙa shi, tunda ni ɗan Kusada ne, na san kowace fadama. An share wani fili a bayan Kankiya inda za mu sauka in mun gama. Labari ya kai gida, mahaifina ya hau jakinsa tun da safe ya taho kallo.

Tashinmu daga Katsina lafiya lau. Na ga gonaki shimfiɗe kamar tabarmi, na ga tsamiyar ƙofar gidanmu ta koma kamar tushen yakuwa. Muka gano duhuwar da tsuntsayen ke kwana, muka juyo. Da muka doshi filin sai Baturen ya taɓa wani abu, ya saurara, ya sake taɓawa. Irin jirgin nan da zarar ya tashi yakan naɗe tayoyinsa cikin ciki, sai zai sauka ya sake su. To, sun ƙi fitowa.

Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon ƙarƙashin fiffike, sannan ya juyo da 'yar gurguwar Hausarsa. "Malam, ƙafa ba ta zo ba. Ka ga wannan ƙarfe?" Ya nuna wani mariƙi a tsakaninmu, kamar na famfon rijiya. "Buga shi. Buga, kada ka tsaya."

Na kama bugawa. Na ce mu koma Katsina mana, ya nuna mini arewa da haɓa. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ya tare hanya, ga mai ya yi ƙasa. Baturen ya girgiza jirgin hagu da dama ko za su faɗo, shiru. Duk lokacin da na ɗago kai zan leƙa ƙasa sai ya ce, "Buga, Malam, aikinka yana kyau." Haka na duƙufa, bakina na salati, hannuna na aiki, har tafina ya yi bororo.

Ya yi ƙasa-ƙasa ya wuce ta kan filin don mutane su watse. Su kuwa sun zaci wasa yake musu, sai tafi da guɗa. Daga baya aka ba ni labarin cewa mahaifina ne ya matsa kusa da dogarin hakimi ya ce, "Kai, ko shamuwa in za ta sauka sai ta miƙe ƙafa. Wannan bai miƙe ba. A janye mutane." Da muka sake zagayowa filin ya zama fayau.

"Yanzu bari," in ji Baturen. Ya ɗage sakatar ƙofa don kada ta ƙi buɗuwa, ya ce in sa kai a gwiwa in rufe da hannuwa. Ya kashe inji. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro, iska kawai nake ji. Sai cikin jirgin ya daki ƙasa, muka yi ta jan ciki a jiƙaƙƙen rairayi, laka na feshi, har muka tsaya a bakin gonar gyaɗar wani bawan Allah. Farfela ta lanƙwashe, mu kuwa ko ƙwarzane babu.

Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifina bai ko dube ni ba. Wajen Baturen ya nufa ya gaishe shi: "Sannu da sauka, Nasara. Mi ya samu dokin naka?" Sai da zai wuce ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai wannan, gyara hularka, mutane na kallo." Na ga rawaninsa ya jiƙe sharkaf da gumi.

Aka kawo mana fura a gindin wata ɗorawa. Baturen ya ɗauki ludayi ya fara sha. Na ce masa ban ji daɗi ba, duk bugun da na yi bai fitar da tayoyin ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce tun leƙawar farko ya ga man da ke tura ƙafafun ya tsiyaye, ya san ƙarfen ba zai yi komai ba. "To don me ka sa ni wahala?" na tambaye shi. Ya ce, "Mai tsoro, hannu babu aiki, zai kama ni. Ya kama ni, mu biyu mun mutu."

Na so in yi fushi, sai na tarar dariya nake yi. Mako bai cika ba aka zo da babbar mota aka kwashe jirgin, aka bi duhuwar nan da wuta, hatsin da ya saura ya tsira, muka ci sabon gero har da kyauta.

Abin da na koya ke nan: wanda ya firgita ba ya jin lallashi, aiki ake ba hannunsa. Na yi shekaru ina shugabantar mutane, a gobara da ambaliya da ɗakin jinya, kuma duk wanda na ga idonsa ya raina fata, nakan miƙa masa guga ko tsintsiya in ce, "Riƙe wannan, kada ka tsaya."