Mai Shanya Saƙi a Ƙofar Atiku

Ina jiran mota a Ƙofar Atiku, idona na kan wani dattijo mai koɗaɗɗen kaki a bakin ɗan gidan tarihin unguwa. Da gani shi ne shugaba, shi ne mai shara. Yana shanya tsohon saƙi da gara ta ci, yana lallaɓa shi kamar majinyaci. Sababbin babura da tirelolin siminti suna wucewa, ba mai waiwaye.

Wata mata ta tsaya. "Baba, na saidawa na?"

"A'a, ɗiyata, na kakanninku na. Shekara ukku muna jiran akwatin gilashi."

Ta wuce. Yana naɗe saƙin, zare na zuba ƙasa.

"Bara ninki huɗu nika yi mishi," in ji shi, shi kaɗai. "Bana biyu ya isa."